Zancen Fim da Zancen Tsakar Gida: Bayani ga Masu Bincike da Masu Tsara Littattafan Yaƙi da Jahilci

1. Gabatarwa

Duk wanda ya zauna kallon fim da kunnen mai nazarin harshe, ba zai daɗe ba zai lura cewa mutanen da ke cikin allo ba sa zance kamar mutanen da ke zaune a gaban allon. Mutum zai ɗaga waya ya faɗi jimla biyu ya ajiye ba ban kwana. Baƙo zai faɗo gida ya fara da bukatarsa tun bai zauna ba. A kawo abinci a jera, a yi ta magana a kansa, a tashi ba wanda ya kai loma. Ƙane zai dubi wansa ya karanto masa tarihin gidansu, sai ka ce yau suka fara haɗuwa. Waɗannan halaye sun zama ruwan dare a fina-finan Amurka da na Indiya, kuma suna nan a fina-finan Hausa.

Abin yana da muhimmanci ga masu karanta wannan mujalla. A watan Maris na 2025 sabon kundin da Nijar ta kafa ya sanya Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Wannan ya ƙara bukatar littattafan karatu, da darussan hira, da tarin zance wanda za a gina ƙamus da nahawu a kansa. Fina-finan Hausa kuwa suna da yawa, suna cikin wayar kowa, kuma rubuta abin da aka faɗa a cikinsu ya fi sauƙi bisa ga ɗaukar rakoda a shiga ƙauye. Saboda haka ya kamata a san irin Hausar da ke cikinsu kafin a ɗebo ta. A wannan maƙala za mu duba abin da fim yake ragewa daga zancen yau da kullum, da abin da yake ƙarawa, da dalilan haka. Misalan hira da za a gani mu muka tsara su don bayani, ba daga wani fim aka ɗauko su ba.

2. Mai sauraro na uku

Idan mutum biyu suna hira a zaure, kowannensu ɗan'uwansa yake yi wa magana. Abin da suka riga suka sani ba sa maimaita shi, abin da ke ɗaure zumuncinsu kuwa ba sa tsallake shi. A fim akwai mutum na uku wanda ba ya cikin zauren, amma dominsa ake yin kowace magana, shi ne mai kallo. Sarah Kozloff, a littafin da ta fitar a shekara ta 2000 game da zancen fim, a kan wannan tushe ta gina nazarinta: ƴan wasa suna nuna kamar junansu suke yi wa magana, alhali kuwa an tsara kalmomin ne don wanda ke laɓe yana saurare.

Wannan mai sauraro yana da bukatu biyu. Yana so ya fahimci labari, kuma ba ya so a ɓata masa lokaci. Masu rubuta fim suna lissafin cewa shafi ɗaya na rubutu yana cin kimanin minti ɗaya a allo, wato fim mai minti 90 bai wuce shafi 90 ba, kuma a cikinsu ake so a zuba abin da ya faru cikin watanni ko shekaru. Daga nan ne halaye biyu suka fito. Duk maganar da ba ta tura labari gaba ana yanke ta. Duk abin da mai kallo bai sani ba kuma ana sa shi a bakin ɗan wasa, ko da a zahiri ba mai faɗinsa.

3. Abin da fim yake ragewa

Abu na farko da almakashi yake ci shi ne gaisuwa. Ga yadda zuwan mai bin bashi gidan wanda yake bi zai iya kasancewa a ƙasar Maraɗi:

(1) Baƙo: Salamu alaikum.
Maigida: Alaikumus salam. Maraba, maraba. Bismilla, ga tabarma.
Baƙo: Ina kwana?
Maigida: Lahiya lau. An tashi lahiya?
Baƙo: Lahiya lau. Ina gajiya?
Maigida: Ba gajiya. Ina iyali?
Baƙo: Suna lahiya. Ina ruwa?
Maigida: Ruwa ya yi gyara.
Baƙo: To, madalla.

Bayan wannan za a kawo ruwan sha, a ɗan taɓa zancen gona ko na kasuwa, a yi shiru kaɗan, sa'an nan baƙo ya gyara zama ya ce dama ya biyo ne a kan ƴar maganar nan tasu. Ga kuma yadda fim yakan kawo wannan haɗuwa:

(2) Baƙo: Salamu alaikum.
Maigida: Alaikumus salam. Lafiya?
Baƙo: Na zo karɓar kuɗina.

Mai tsara fim yana da hujjarsa. A ƙaddara fim yana da haɗuwa 40, kowace gaisuwa kuma ta ci rabin minti: minti 20 ke nan sun tafi ba a faɗi kome na labari ba. Amma mai nazarin harshe ya san cewa misali na (1) ba maganar banza ba ce. Tun a shekara ta 1923 Bronislaw Malinowski, wanda ya yi bincike a tsibiran Trobriand, ya bayyana irin wannan magana da cewa aikinta ƙulla mutane da juna, ko da ba ta ɗauke da wani sabon labari. A Hausa kuma tsawon gaisuwa kansa ma'ana ne. Wanda ya gajarta gaisuwa ya faɗi wani abu da gajartawar: ko yana fushi, ko ya raina wanda ya tarar, ko kuwa ya zo da labarin da ba ya jira, kamar gobara ko rasuwa. Misali na (2), idan aka ji shi a zahiri, shelar faɗa ce. A fim kuwa haka masoya da abokai da maƙiya duk suke haɗuwa, sai bambancin da gaisuwa take nunawa ya ɓace.

Abu na biyu shi ne rabuwa. Emanuel Schegloff da Harvey Sacks sun nuna a shekara ta 1973, daga hirarrakin da aka ɗauka a rakoda, cewa mutane ba sa katse zance kai tsaye. Ɗaya yakan ba da alamar cewa ya gama, ya bar wa ɗayan dama ko yana da sauran magana, sai sun daidaita sa'an nan su rufe. Hausa tana da wannan tsari a fili. Baƙo ya ce bari ya koma, maigida ya ce tun yanzu, baƙo ya kawo uzuri, a aika gaisuwa gida, a amsa da cewa za su ji, a yi addu'a, sa'an nan a taka wa baƙo zuwa ƙofa ko bakin hanya. Sau da yawa ma a wurin rakiyar nan ne ake faɗin ainihin abin da ya kawo mutum. Fim yakan yanke wannan duka, musamman a waya, inda ɗan wasa yake kashewa da zarar ya ji abin da labari yake so ya ji.

Abu na uku shi ne inda-inda da amsawar mai sauraro. Wani bincike da Heather Bortfeld da abokan aikinta suka buga a 2001 ya sami kimanin tuntuɓe 6 a kowace kalma 100 ta hirar Ingilishi, wato maimaita kalma, da fasa jimla a sake ta, da ƴan sautukan cike gurbi. Mai hira da Hausa ma haka yake yi: ya ce "wato", ya ce "abin nan", ya ce "wa yake da suna", ya koma baya ya gyara. Mai sauraronsa kuma ba ya yin shiru. Yana jefa "to", "na'am", "haka ne", "ashe", "ikon Allah", kuma idan ya daina, mai magana zai tsaya ya tambaye shi ko yana ji. Karɓar magana daga baki zuwa baki tana da sauri ƙwarai. Tanya Stivers da abokan aikinta sun auna harsuna 10 a 2009, suka sami cewa tazarar da ke tsakanin tambaya da amsa ba ta wuce kimanin kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa ba a matsakaici. Hausa ba ta cikin harsunan da suka auna, kuma wannan aiki ne da ke jiran masu bincikenmu.

A fim kowa yana jiran ɗan'uwansa ya dire jimlarsa cikakkiya kafin ya karɓa. Dalilin na sana'a ne. Ana ɗaukar fitowa ɗaya sau da yawa, daga wannan gefe da wancan, sa'an nan mai haɗa hoto ya yanka ya jona. Idan muryoyi biyu sun hau kan juna, ba inda zai sa almakashi. Masu shirya fim kaɗan ne suka ɗauki wahalar kauce wa wannan, kamar Robert Altman na Amurka, wanda a fim ɗinsa Nashville na 1975 ya ɗaura wa ƴan wasa makirufo kowa da nasa, aka ɗauki muryoyinsu daban-daban don su iya magana lokaci guda.

4. Abin da fim yake ƙarawa

Ga irin maganar da kowane mai kallo ya saba ji:

(3) Ƙane: Yaya, ka san tun da mahaifinmu ya rasu shekara biyar da suka wuce ya bar mana gona biyu da gidan nan, kawunmu yake neman ya raba mu da su.

Wan ya san mahaifinsu ya rasu, ya san yaushe, ya san abin da ya bari. A zahiri abin da ƙanen zai ce bai wuce "Mutumin naka ya sake dawowa" ba, wan kuma ya gane. Jimla ta (3) daidai take a nahawu, amma ba mai yin ta sai don kunnen na uku. Wanda ya tara irin waɗannan jimloli ya ƙidaya, zai ɗauka cewa Bahaushe yana yawan ambaton sunaye da dogayen jimloli masu sarƙa, alhali hirar gida cike take da wakilin suna, da nuni, da magana rabi wadda mai sauraro yake cikawa.

Haka nan fim yana bukatar mai kallo ya riƙe sunan kowa, don haka ake yawan kiran suna. A nan ne yake karo da alkunya. A al'adar Hausa mace ba ta kiran sunan mijinta, sai ta ce maigida, ko Malam, ko Alhaji, ko ta ce "shi". Uwa ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, wata ma ba ta nuna kulawa da shi a gaban mutane. Yaron da aka sa wa sunan kakansa ana kiransa da laƙabi, kamar Abba ko Baba, don kada iyaye su ambaci sunan nasu iyayen. Rayuwar birni ta sassauta wasu daga cikin waɗannan, amma suna nan da ƙarfinsu a karkara, inda mafi yawan azuzuwan karatun manya suke.

Abu na ƙarshe da fim yake ƙarawa shi ne faɗin abin da ke zuci ƙarara. Saurayi zai tsaya gaban mahaifinsa, ido cikin ido, ya ce ga wadda yake so. A gida kuwa maganar takan bi ta bakin gwaggo, ko kawu, ko aminin uba, yaron ma ba ya wurin. Labarin mutuwa a fim jimla ɗaya ce. A zahiri manzo yakan fara da cewa jiki ya yi tsanani, a zo a gani, ko ya nemi wani babba ya faɗa masa shi ya isar. Zancen soyayya mai tsawo, da waƙa da rawa tsakanin saurayi da budurwa, sun shigo ne ta fina-finan Indiya, waɗanda aka daɗe ana nunawa a gidajen silima na ƙasar Hausa. Brian Larkin da Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ta Kano sun yi rubuce-rubuce a kan wannan tasiri.

5. Halayen yau da kullum

Abin da ya sami magana ya sami aiki. Ɗan wasa ba ya cin abincin da aka ajiye masa, domin idan za a maimaita fitowa sau goma, dole kwano ya kasance yadda yake a kowace ɗauka, kuma mai cike da baki ba ya furta kalma sosai. Ana zaunar da maigida da mata da ƴaƴa a teburi ɗaya don kyamara ta kama su gaba ɗaya ana gardama, alhali a yawancin gidaje maza daban suke ci, mata daban, yara daban, kuma ba a son yawan surutu a kan abinci. A kasuwar fim mai saye yakan miƙa kuɗi ya ɗauki kaya ya wuce. Tayi, da "albarka", da ƙari, da sallamawa, da neman gyara, wato dukan harshen ciniki, ba su samu shiga ba. Baƙo namiji kuma yakan zarce har tsakar gida, ba ya tsaya a zaure ya aika yaro.

Akwai kuma abin da doka ta kawo. Tun da aka kafa hukumar tace fina-finai ta Jihar Kano a 2001, ƙa'idar da ake bi ita ce namiji da mace ba sa taɓa juna a gaban kyamara, ko da a labari miji da mata ne, ko uwa da ɗa. Saboda haka za a ga mace ta yanke jiki ta faɗi, mijinta yana tsaye yana salati yana kiran a zo a taimaka. Mai bincike da ya ɗauki wannan a matsayin al'adar gida ya yi kuskure, domin ƙa'idar sana'a ce da ta shafi ƴan wasan, waɗanda ba muharraman juna ba ne.

6. Karin harshe

Fim ɗin bidiyo na Hausa a Kano ya tashi, daga Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990, kuma Kananci ne harshensa. Mutumin Tawa ko na Maraɗi ko na Dogon Dutsi yana cewa "sunka zo", "shina zuwa", "wanga", "lahiya", inda fim yake cewa "suka zo", "yana zuwa", "wannan", "lafiya". Sau da yawa idan aka ji karin yamma a fim, an sa shi ne a bakin baƙauye ko mai ban dariya. Wannan yana koya wa mai kallo cewa harshen gidansu abin dariya ne, kuma malamin karatun manya zai tarar da wannan tunani a ajinsa. Fina-finan Indiya da ake ɗora wa muryar Hausa, irin na kamfanin Algaita na Kano, suna da wata matsala ta daban: dole jimlar Hausa ta yi daidai da tsawon motsin bakin wanda ya yi magana da wani harshe, don haka ake matse ta ko a ja ta, a kuma cusa barkwancin da babu shi a asali.

7. Daga allo zuwa bakin jama'a

Maganar fim ba ta tsayawa a allo, kuma masu shirya fim na Nijar sun lura da haka da wuri. A fim ɗin Jean Rouch mai suna Moi, un noir na 1958, samarin Nijar da suka je ci-rani Abidjan suna kiran kansu da sunayen taurarin silima. Oumarou Ganda, wanda daga baya ya ci babbar kyautar bikin fina-finai na Wagadugu a 1972, shi ne ya fito da sunan Edward G. Robinson. A 1966 kuma Moustapha Alassane ya yi Le Retour d'un aventurier, labarin saurayin da ya dawo daga tafiya da kayan kaboyi ya raba wa abokansa, suka ɗauki sunaye da tafiya da faɗan kaboyi suka hana ƙauyensu sakat. Abin da Alassane ya nuna shi ne cewa halin da ya dace da allo yana zama fitina idan aka sauke shi a dandalin gari. Yau da fim yake cikin aljihun kowane yaro, kalmomi da salon magana suna fitowa daga can su shiga bakin matasa cikin ƴan makonni. Wannan fage ne na bincike mai zaman kansa, amma sai an bambanta abin da fim ya ɗauko daga jama'a da abin da jama'a suka ɗauko daga fim.

Ba dukan wasa ne yake da nisa ɗaya da zancen gida ba. Janet Beik, a littafinta na 1987 game da wasan kwaikwayo na Hausa a Nijar, ta bayyana cewa ƙungiyoyin wasa sukan yarda a kan ƙashin labari ne kawai, kowane ɗan wasa ya kawo kalmominsa a fage. Irin wannan wasa, wanda Yazi Dogo ya yi suna a kansa, ya fi kusa da hira, domin mai ƙago magana nan take yakan koma ga abin da bakinsa ya saba. Haka kuma wasanni masu dogon zango, kamar Daɗin Kowa na tashar Arewa24 wadda ta fara aiki a 2014, suna da sararin da fim mai minti 90 ba shi da shi, don haka zaman gida da na kasuwa suna samun wuri a cikinsu.

8. Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a iya fitar da shawarwari huɗu.

Na farko, duk wanda ya sa zancen fim cikin tarin bayanansa ya yi masa alama a matsayin rubutaccen zance da aka furta, ya rubuta shekara da wurin da aka yi fim ɗin, ya kuma nuna ko fassara ce. Yana da amfani wajen tattara sababbin kalmomi, da karin magana, da habaici, da salon matasa. Ba ya isa hujja a kan tsarin gaisuwa, ko tsawon jimla, ko yadda ake kiran mutane.

Na biyu, hirar da za a sa cikin littafin karatun manya a ɗauko ta daga bakin mutanen yankin da za a koyar, da yardarsu, a rakoda. Idan dole a gajarta, a rage daga tsakiya a bar buɗewa da rufewa, domin babban mutum da ya ga an sa wani kamarsa yana shiga gida ba gaisuwa zai ɗauki littafin a matsayin na yara ko na baƙi.

Na uku, a kiyaye alkunya a cikin darussa. Matar da ke cikin littafi ta kira mijinta yadda mai karatun take kiran nata, kuma malami ya san cewa akwai ɗalibar da ba za ta karanta wani suna da ƙarfi ba idan ya dace da na mijinta ko na surukinta.

Na huɗu, fim kansa yana iya zama kayan aiki. A nuna wa ɗalibai fitowa ɗaya gajeriya, a tambaye su abin da aka tsallake, su faɗa da bakinsu da karin garinsu, sa'an nan su rubuta shi a allo. Ta haka ɗalibi yana rubuta abin da ya fi malaminsa sani, malami kuma yana komawa da hirar da mai bincike yake nema.